Daga Maƙerar Assada zuwa Jar Duniya

Direban ya ce ba zai tashi daga tashar Funtuwa ba sai rana ta ɗaga sosai, kuma babu fasinjan da ya yi masa musu. Duk mai bin hanyar Gusau a 'yan shekarun nan ya san dalili. Tsakiyar Janairun 2025 ne, hunturu ya kankama, kowa ya naɗe kai, leɓe duk ya tsage. Sakkwato na nufa, ɗaurin auren ƙanwar wani abokina da muka yi makaranta tare. Sana'ata koyar da kimiyyar sinadarai a sakandare, shi ya sa duk inda na je idona yana kan ƙasa da duwatsu, kuma wayata cike take da hotunan da na'urorin bincike ke aikowa daga wasu duniyoyi, waɗanda nake nuna wa ɗalibai.

Da muka wuce Sheme muka doshi 'Yankara, ƙasar Faskari ke nan, sai Zagami ta faɗo mini a rai. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani manomi yana cikin gonarsa a can ya ji ƙara mai firgitarwa, wani abu ya daki ƙasa 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye. Da aka tono sai ga dutse mai nauyin kilo 18. An daɗe kafin masana su tabbatar cewa ɓallin duniyar Mars ne, wadda malamanmu na taurari ke kira Mirrihi. Kumbon Viking guda biyu da Amurka ta saukar a can a 1976 sun auna iskar wurin, daga baya aka tarar 'yar iskar da ta maƙale a cikin irin waɗannan duwatsu ta yi daidai da wadda suka auna. A 1996 har an liƙa wani ɗan ɓarɓashin dutsen na Zagami a jikin kumbon Mars Global Surveyor, ya koma yana kewaya garinsu. Na ba dattijon da ke kusa da ni wannan labari, mutumin yankin ne, ya ce shi kam bai taɓa ji ba. Abin ya tsaya mini a rai har Tsafe.

Bayan Gusau wasu samari biyu suka shiga, hirarsu duk ta rami ce da farashin giram ɗin zinariya. Can hannun hagu da hanyarmu Anka da Bukkuyum suke, inda a 2010 yara fiye da 400 suka rasu saboda gubar dalma. Dutsen da ake haƙowa yana ɗauke da zinariya da dalma a cakuɗe, aka riƙa kai shi cikin gida ana daka a turmi ana niƙa a inji, ƙurar ta bi tabarmi da kwanon abinci. Idon mutum yana ganin ƙyallin zinariya, ba ya ganin dalma. Ban sa musu baki ba, amma na ji ciwon cewa abin da aka rasa a waɗancan ƙauyuka a lokacin shi ne wanda zai auna dutsen ya faɗi abin da ke cikinsa tun kafin a kai shi tsakar gida.

Daga Tureta zuwa Dange ƙasa ta buɗe, bishiyoyi suka yi nisa da juna, sai tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai da jar marmara a gefen titi. Ga hazo ya rufe nesa, rana ta zama kamar faifai. Na ciro waya na buɗe wani hoto da motar bincike ta Curiosity ta ɗauka a kwarin Gale da ke Mirrihi, na ɗaga shi kusa da taga. In ba don akuyoyi da 'yan ƙirare ba, da wuya ka raba su. Kuma kamar ba a ido kaɗai ta tsaya ba. Abin da ya rina marmararmu shi ne ya rina Mirrihi: baƙin ƙarfe ne da ya haɗu da iskar oksijin ya yi tsatsa. Duniya guda ce sukutum da ƙurar tsatsa ta lulluɓe.

Mun shiga Birnin Shehu bayan la'asar. Ɗan kabu-kabu ya kai ni gidan su abokina, aka tare ni da hura mai sanyi duk da hunturu. Washegari aka ɗaura aure, muka kai ziyara Hubbare, muka bi ta gaban fadar Sarkin Musulmi. Sai abokina ya ce in ina son ganin ƙarfe da gaske, in zo mu je mu gaida ƙanen mahaifinsa a Maƙerar Assada.

Tun kafin ka shiga unguwar kunnenka ke fara isa. Masaba tana sauka a kan uwar maƙera, wata tana amsa mata daga wata rumfa, ga ƙaurin gawayi, ga tarin tsofaffin ƙarafa da 'yan gwangwan suka kawo. Muka tarar da Baba a zaune a kan buzu, ƙafa ɗaya a miƙe, awartaki a hannun hagu, wani yaro ɗan kimanin shekara goma yana kan zugazugi. Muka durƙusa muka gaishe shi.

"Lahiya lau, ɗiyana. Wanga shi na malamin da kac ce?"

"Shi na, Baba."

Ya nuna mini benci ya ci gaba da aikinsa. Kalme yake ƙerawa. Ana cikin haka wani yaro ya shigo da ƙarafa uku a buhu yana neman a saya. Baba bai tambaye shi daga ina suka fito ba. Ya miƙa wa babban ɗansa, shi kuma ya tayar da injin wasa ƙarfe ya ɗan goga kowanne. Na farko ya zubo da tartsatsi dogaye, miƙaƙƙu, ba reshe sosai. Na biyu tartsatsinsa ya riƙa fashewa a ƙarshe kamar furen gero. Na uku ko ƙyas bai yi ba.

"Wancan rodi na, ba shi riƙe kaihi," in ji Baba. "Na biyu sihirin na mota, shi muka so. Dubi yadda wutatai ka hwashewa. Na ukku goran-ruwa na, kai ma masu tukwane."

Na ji tsigar jikina ta tashi, domin abin da nake ta fama in fahimtar da ɗalibai a kan allo ke nan. Fashewar nan da Baba ke karantawa sinadarin kabon ne da ke cikin ƙarfen yake ƙonewa. Yawansa shi ke sa ƙarfe ya yi tauri ya riƙe kaifi. Na matso na ce, "Baba, ka ba ni izini in nuna maka wani abu."

Na buɗe hoton Curiosity. Na ce masa mutum-mutumi ne mai ƙafa shida, girman ƙaramar mota, nauyinsa ya kusa kilo 900, hukumar NASA ta Amurka ta saukar da shi a Mirrihi a watan Agustan 2012, kuma har lokacin yana aiki. A saman wuyansa akwai wani ido mai harba hasken leza. Daga nisan da ya kai mita 7 zai harbi dutse, wurin da bai fi kan allura ba ya ƙone ya yi walƙiya, sai na'urar ta kama hasken ta tsattsaga shi launi-launi. Kowane ƙarfe da nasa sa hannun a cikin hasken nan, babu mai aron na wani. Da haka ake sanin akwai baƙin ƙarfe a dutsen, ko alminiyam, ko taitaniyam, ba tare da an taɓa shi ba.

Baba ya ajiye awartaki. Ya ce ai ko su sun san in gaci ya shiga wuta harshenta kore yake yi. Na ce to shi ke nan, asalin ilimin ɗaya ne, sai dai idon na'ura yana rarrabe layukan haske dubbai inda namu ke ganin launi biyar ko shida.

Amma hoton da ya fi riƙe shi na ƙafar motar ne. Ya karɓi wayar da kansa, ya matso da ita kusa da ido, ya daɗe yana dubawa. Ƙafar duk ta huhhuje, wani wurin ya yage ya lanƙwashe kamar tsohon gwangwani.

"Wa yay yi wagga ƙahwa? Ai goran-ruwa ta, kuma an yi mata siriri da yawa."

Gaskiya ya faɗa. Kowace ƙafa daga curin alminiyam guda aka sassaƙo ta, tsayinta rabin mita, amma kaurin fatarta bai kai milimita ɗaya ba. Tun 2013 aka fara ganin huji, domin a kwarin Gale akwai duwatsu da iska ta wasa shekaru aru-aru suka yi tsini, kuma a kafe suke a ƙasa, ba sa kaucewa in an taka su. Baba ya tambayi abin da ya hana a yi ta da baƙin ƙarfe. Na ce nauyi ne na farko. Duk kilon da za a ɗaga daga nan zuwa can sai an ƙona masa mai mai yawa, alminiyam kuwa nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe. Na biyu sanyi. Da dare a can sanyi yakan sauka digiri 70 ko fiye a ƙasa da sifili, kuma ƙarfe irin na rodi in sanyi ya kai haka yakan yi gautsi ya tsage kamar tangaran, alhali alminiyam ba ya haka. Sandunan da suka riƙe ƙafar daga ciki kuwa na taitaniyam ne, ƙarfen da ke da ƙarfin na sifirin amma nauyinsa rabi da 'yar ɗoriya, ba ya tsatsa, kuma yana lanƙwasa ya dawo.

Ya jinjina kai. Sai ya yi tambayar da na fi jin daɗinta a duk tafiyar: "To in ta karye, wa ka gyara ta?"

Babu kowa. A nan duk wahalar aikin take. Kalmen da Baba ke ƙerawa in ya dakushe mai shi zai dawo da shi ranar kasuwa. Waccan kuwa an sallame ta ke nan har abada, ko saƙo aka aika mata sai ya yi tsakanin minti 3 zuwa 22 a hanya, gwargwadon nisan duniyoyin biyu a lokacin. Abin da masu ita suka iya shi ne su riƙa zaɓar mata hanya mai yashi, wani lokaci su tuƙa ta da baya, sannan a 2017 suka aika mata sabon tsari na daidaita gudun kowace ƙafa. Da za a ƙera ƙanwarta Perseverance, wadda ta sauka a kwarin Jezero ranar 18 ga Fabrairu 2021, sai aka ƙara wa fatar kauri, aka mayar da haƙarƙarin ƙafar 48 maimakon 24. Baba ya ce da ma haka ya kamata tun farko, ya miƙo mini wayata ya koma kan kalme.

Yana duka muna hira. Ya ce a zamanin kakanninsa ba a san sifirin ba, tama ake haƙowa a narka a doguwar matoya ta yumɓu, a kwana ana zuga, da safe a fasa a ciro curin ƙarfe. Zuwan ƙarafan Turawa ya kashe wannan aiki, yanzu ko a cikin maƙera kaɗan ne za su gane tama in sun gan ta. Na ce masa tamar nan ma an same ta a can. Motar Opportunity da ta sauka a Janairun 2004 ta tarar da fili shimfiɗe da wasu ƙananan duwatsu masu kamar ƙwayar wake, da aka auna sai ga shi tama ce, irin wadda ke taruwa a cikin dutse idan ruwa ya daɗe yana ratsa shi. Ƙarfen ne ya ba da shaidar cewa busasshiyar duniyar nan ta taɓa jiƙa.

Wani dattijo da ke zaune a bencin tun zuwanmu yana jan carbi ya sa baki. Ya ce su a nan ba sai an ba su labarin ƙarfen sama ba, domin a Janairun 2008 wani ya faɗo da dare a kusa da gari, mutane suka ga haske suka ji ƙara. Haka ne kuwa, a kundin masana sunansa Sokoto, kuma curin baƙin ƙarfe ne da nikel. Dattijon ya karanto aya ta 25 a Suratul Hadid, inda Allah ke cewa Ya saukar da baƙin ƙarfe, a cikinsa akwai ƙarfi mai tsanani da amfani ga mutane. Muka yi shiru muka saurara. Tafsiri na malamai ne. Abin da ni zan iya faɗa daga ɓangarena shi ne masana taurari sun nuna baƙin ƙarfe a cikin taurari ake dafa shi, sai sun fashe yake watsuwa, daga wannan ƙura aka samu na cikin ƙasarmu da na cikin jininmu.

Irin wancan curi yakan faɗa Mirrihi ma. A Janairun 2005 Opportunity ta ci karo da wani mai girman ƙwallo, baƙin ƙarfe da nikel, shi ne dutsen sama na farko da aka gane a kan wata duniya. A 2016 Curiosity ta harbi wani ɗan ƙarami mai kamar ƙwai, hasken ya nuna ƙarfen nan biyu. Ana ganin irinsu gutsattsarin cibiyar wasu ƙananan duniyoyi ne da suka yi karo suka farfashe tun farkon zamani. Saboda haka ne a Oktoban 2023 aka harba kumbon Psyche zuwa wani ƙaton dutse mai wannan suna tsakanin Mirrihi da Mushtari, wato Jupiter, wanda ake kyautata zaton ƙarfe ya yi yawa a jikinsa. Sai 2029 zai isa. Cibiyar tamu duniyar ma baƙin ƙarfe ce da nikel, amma ba mai iya haƙa ya kai gare ta, sai dai a je a duba ta wani.

Da daddare, bayan an kai amarya, na hau soro tare da ƙanen abokina, wanda ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ya hau ne ya goge faifan sola, domin a cewarsa in ya bar shi kwana uku a hunturu batir ba ya cika. Na ce abin da ya kashe Opportunity ke nan. Aikin kwana 90 aka tsara mata, ta yi shekara 14 tana yi, ta ci kilomita 45, sai a Yunin 2018 guguwar ƙura ta rufe duniyar baki ɗaya, rana ta ɓace, ba a sake jin ta ba. Curiosity da Perseverance ba su dogara da rana ba. Kowace tana goye da kilo 4.8 na makamashin fulutoniyam, ƙarfen da ke fitar da zafi da kansa dare da rana, an naɗe shi a cikin kwanson iridiyam. Zafin nan ake juyawa ya zama lantarki wajen wat 110, wanda bai fi na ƙwan fitila biyu irin na da ba, ya riƙa cika batiran litiyam. Sai an shekara kusan 88 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi.

Hazon ya ɗan lafa a daren. Zara, wato duniyar Venus, tana can yamma tana shirin faɗuwa, haskenta ya fi na kowa. Yaron ya ce kakarsu takan ce mata matar wata. Na ce masa da ya san halinta da bai yi sha'awar zuwa ba: zafin ƙasarta ya haura digiri 460, alhali dalma a 327 take narkewa. Tarayyar Sobiyat ta saukar da na'urar bincike ta Venera 13 a can a 1982, a cikin tukunyar taitaniyam mai kauri, ta auna ƙasar wurin ta aiko da hotuna, minti 127 ta yi ta mutu. Sai muka juya gabas. Ga Mirrihi nan ya taso, ja kamar garwashin da ya fara hucewa, domin a makon nan ne ya yi daidai da kishiyar rana. Muka daɗe muna kallo. A kan wannan ɗigo akwai bututun taitaniyam goma da Perseverance ta cika ta rufe ta ajiye a ƙasa, suna jiran wanda zai je ya ɗauko.

Bayan wata shida da dawowata na ji a rediyo cewa an sayar da wani dutsen Mirrihi mai nauyin kusan kilo 25 a birnin New York kan dala miliyan 5 da 'yan kai. A jihar Agadas aka tsince shi a Nuwamban 2023, har gwamnatin Nijar ta ce a bincika yadda ya fita daga ƙasar. Na tuna Zagami, na tuna samarin nan na mota. Tun zamanin Turawa muke haka. Daga tuddan Jos aka kwashi kuza da kwalambait, kuma daga kwalambait ake fitar da niyobiyam, ƙarfen da ake ƙera bakin wasu injinan roka da shi saboda jure wuta. Yau kuma litiyam ake lodawa daga Nasarawa. Ni ba na ganin laifin mai haƙa, yunwa ba ta jira. Abin da ke damuna shi ne muna da mutane irin Baba da suka gaji karanta ƙarfe da ido da kunne, muna da jami'o'i da ke koyar da sunayen sinadarai, amma ɗan Baba bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba, ɗalibina kuma bai taɓa zama a bakin zugazugi ba.

Ranar da zan taso na koma yi wa Baba sallama. Na roƙe shi guntun rodi, guntun sifirin da ɓallin goran-ruwa, ya ƙi karɓar ko kwabo, ya ƙara mini da 'yar wuƙa ya ce in kai wa iyali. A Dange na sa direba ya ɗan tsaya na cika leda da jar marmara.

Makon da ya biyo baya na kwashi 'yan aji biyar muka je wurin mai walda da ke bayan makarantarmu, ya goga ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, suka zana siffar tartsatsin a littattafansu kafin in nuna musu hoton idon Curiosity. Na zuba marmarar a faranti kusa da hoton kwarin Gale, na ba su labarin manomin 1962. Wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta ɗaga hannu.

"Malam, daga nan zuwa Zagami akwai nisa?"

Na ce babu nisa, in hanya ta yi lafiya za mu je mu dawo kafin azahar. Ta rubuta sunan garin a bangon littafinta.